Ƙari Cikin Kan Yaro: Don Me Likita Kan Bar Saura?

Jama'a, akwai wani ƙari da kan fito wa yara can cikin kai, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bayan idanu. Likitoci na kiransa kiraniyofarinjiyoma. Ba kasafai a kan gan shi ba, ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 14. Ba ya yaɗuwa cikin jiki kamar ciwon daji, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba sammu ba ne. Illarsa ita ce wurin da ya zauna, gama yana danne jijiyoyin gani, da wata 'yar ƙwaya kamar wake wadda ke lura da girman jiki da riƙon ruwa.

In yaro na fama da ciwon kai da amai da sassafe, yana tuntuɓe da kaya don ba ya gani ta gefe, sa'anninsa sun tsere masa a tsawo, ko ya cika shan ruwa da fitsari dare da rana, ku kai shi asibiti a ɗauki hoton kansa. Ƙahon wanzami ba ya isa wurin. Ganin da ya tafi kuwa da wuya ya komo.

Maganin farko aiki ne. Likitocin ƙwaƙwalwa, irin na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, su kan bi ta hanci ko su buɗe ƙoƙon kai. In ƙarin ya ɓanɓaru salin-alin, sai a cire shi duka.

To, amma sau da yawa ya kan manne wa gindin ƙwaƙwalwa, inda ke gaya wa mutum ya ƙoshi, ya yi barci, ya ji ƙishirwa. Nan likita kan dakata da gangan, ya bar saura. Wasu iyaye da sun ji haka sai su ce aiki bai yi ba, su ɗauke ɗansu su nufi boka. Mu a ganinmu wannan kuskure ne babba. Shekarun baya likitoci sun matsa su kankare kome, yara da dama suka tashi da cin da ba ƙoshi, da ƙiba mai nauyi, da mantuwa, abin da ba ya gyaruwa. Manomi ma ya kan ƙyale ciyawar da ta sarƙe gindin gero, kada fartanya ta sare shukar.

Sauran da aka bari a kan gasa shi da haske mai ƙarfi daga na'ura, irin wadda ke Asibitin Ƙasa na Abuja. Kwana 5 a mako, wajen mako 6. Ba zafi lokacin da ake yi, amma yaro kan gaji, gashi kan zube a wurin, kuma hasken na iya rage masa saurin karatu daga baya. Don haka ne likitoci ke gudun yi wa yaron da bai kai shekara 3 ba. Ku shirya guzuri da masauki tun da wuri, don kada a katse a tsakiya.

Bayan an sallame ku, yawancin yaran nan za su sha magani muddin rai, a madadin aikin 'yar ƙwayar nan. Akwai ɗaya, haidirokotizon, wanda barinsa kan iya kashe yaro. In zazzaɓi ko amai ya kama shi, ku garzaya asibiti ran nan, ku tafi da katinsa. Ranar hoto kuma kada ta wuce ku ko da yana ta wasa, domin ƙarin ya kan sake tsirowa bayan shekaru.