Waiwaye: Tungayen Kebbe da Babu Su a Lissafi

Duk mai bin babban titin Sakkwato zuwa Jega ya san Tambuwal, don a kan hanya take. Kebbe kuwa sai an ratse an yi kudu, wajen Gulbin Zamfara, inda ruwan ya baro Gummi ya nufi Jega. Har gobe mutanen nesa na rikita ta da Jihar Kebbi, abin da ke ba 'yan ƙasar dariya wani lokaci, wani lokaci kuma haushi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kebbe mutum 124,658 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,618. Tambuwal, wadda suke mazaɓar tarayya ɗaya da ita, ta samu 224,931 a murabba'in kilomita 1,717. In aka raba, kowane murabba'in kilomita na Kebbe na ɗauke da mutum kusan 48, na Tambuwal kuwa 131. Wannan yalwar ƙasa ce ta haifi tungaye da rugage da ke warwatse bayan garuruwa irin su Kuchi da Sangi da Fakku da Margai da Girkau da Ungushi.

Tunga ba da bikin aza harsashi take farawa ba. Magidanci ne gonar gado ta yi wa kaɗan, sai ya nemi izinin hakimi ya sari daji. Damina ta farko bukka ce kawai, yana kwana can don tsaron tsuntsu da biri. Ta biyu ya kafa rumbu, don jido damman gero zuwa gari ya fi ƙarfin jaki ɗaya. In ya haƙa rijiya ya tarar da ruwa kusa, to magana ta ƙare: mata su tare, ƙane ya biyo wa, Bafulatani ya kafa ruga a gefe, shanu su ci kara su bar taki. Ranar da aka kewaye masallaci, wurin ya samu suna, galibi na wanda ya fara saran. Inda tunga za ta zauna kuwa lissafi ne na tsofaffi: kusa da fadama don shinkafa da noman rani, amma a kan tudun da ambaliyar gulbi ba ta kaiwa.

Sai dai ba kullum ake samun damar wannan watsuwar ba. A ƙarni na 19 Tambuwal ribaɗi ce, mazaunin Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma tun daga 1849, da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu, yammacin daular Sakkwato bai rabu da hare-hare ba. Manomi na wancan zamani a cikin ganuwa yake kwana, gonarsa iyakar inda zai iya dawowa kafin a rufe ƙofa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, harin mahaya ya kau, sai mutane suka fantsama cikin daji. Tungaye da yawa 'ya'yan wannan kwanciyar hankalin ne. Ba yabon Nasara nake ba, don shi abin da ya dame shi haraji ne da jangali. Amma saboda harajin nan, mai unguwa na sanin kowane baligi, hakimi na da lissafi, uban ƙasa na da littafi. Ƙidaya ce ta mai karɓa, ba ta mai bayarwa ba, amma dai ana yin ta kowace shekara.

Yawan mutanen tunga bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Da damina ta cika maƙil, da an ɗaure amfani samari su kama hanyar cin rani. Wani masanin ƙasa ɗan Birtaniya, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙirgen da aka yi a kan hanyoyin Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, inda aka samu matafiya sama da 250,000, wasu har Gwalkwas, Gana ta yau. Farin shekarun 1973 da 1984 ya kori wasu gaba ɗaya, ya kuma kawo wasu daga arewa suna neman inda ƙasa ke da laima. Duk da haka, ɗan cin rani da ya ga hadari ya fara haɗuwa, gida yake nufa da kuɗin taki da turmin atamfa. Tafiyarsa ba ƙaura ba ce.

Abin da ya sauya al'amari, a ganina, ya faro ne daga taswira. A 1991 aka yanke Jihar Kebbi, a 1996 aka yanke Zamfara. Kebbe ba ta gusa ko taku ɗaya ba, amma ta wayi gari a bakin iyaka, Kebbi ta yamma da kudu, Zamfara ta gabas. Daji kuwa bai san iyakar jiha ba. Da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Zamfara ta malalo yamma, nisan nan da ya sa tunga ta yi albarka shi ya zama rauninta: gida goma, babu jami'in tsaro, hanya sai babur. Aka kore shanu, aka ɗauki mutane don kuɗin fansa, mutane suka kwashi yara suka koma manyan garuruwa wurin dangi. Wato an koma zaman ganuwa, ba tare da ganuwar ba. Wannan tafiyar ba ta jiran hadari, kuma gonar da aka bari shekara uku sai an sake saran ta.

To wa ya san tunga nawa ta zama kufai? Ƙidayar ƙarshe ta Maris ɗin 2006 ce, tsakiyar rani, kuma alkaluman da aka fitar wa jama'a sun tsaya ne a kan ƙaramar hukuma, ba su sauka ƙauye ba, balle tunga. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Jaririn da aka ƙirga a 2006 yau ya isa aure. Da waɗannan tsofaffin alkaluma, tare da hasashen ofis, ake tsara aji da rijiyar burtsatse da rigakafi da rabon taki. Sai ka ga makaranta a inda yara suka watse, garin da ya karɓe su kuma ɗalibai na zaune a ƙasa.

Ba sai an jira Abuja ba. Masu unguwanni har yanzu sun san wanda ya tafi, da inda ya sauka, da gonar wa ke tsakanin wace tsamiya da wace kuka. Sani ne da ke cikin kai, kuma masu shi tsufa suke yi. Ranar da aka samu lafiya aka fara komawa, rigimar iyakar gona ce za ta tari mutane tun kafin su ɗora jinka.

Don haka, ranka ya daɗe uban ƙasa, da kai shugaban ƙaramar hukuma, a ba kowane mai unguwa littafi da malamin da zai rubuta masa: sunan tunga, gida nawa ne a da, nawa suka rage, sauran suna ina, gonakinsu na hannun wa. A sabunta shi duk bayan kaka, a ajiye kwafi a sakatariyar Kebbe.