Yaranmu na gareji da sifirin da ake ɗaurewa da igiya

Ranar Asabar na kai tsohuwar motata gareji a nan Maradi, sai na tarar an ɗage wata 'yar motar tsere mai kujera biyu a kan jak. Mai ita matashi ne, yana son a cire mata ƙafafu a sa masu tsawo, don cikinta na gugar ƙasa duk lokacin da ya sauka daga kwalta zai shiga garkarsu a Jiratawa. Motarsa ce, kuɗinsa ne, ba ni da ta cewa. Yaron da aka ba aikin ne ya tayar mini da hankali. Shekara 3 da suka wuce yana zaune a ajina.

Na same shi ya ɗaure sifirin da igiya da guntun waya, yana kwance notin saman shakazoba, fuskarsa daidai saitin ƙarfen.

Mutane na raina ƙaramar mota. To, Lotus Elise da aka fitar a Ingila a 1996, wadda ta yi suna wajen rashin nauyi, kilo 725 ce ko kusa da haka. Raba huɗu, kowace ƙafa na ɗauke da wajen kilo 180, kusan buhu 2 na gero. Ko an ɗage motar, sifirin yana nan a matse cikin mazauninsa, notin nan kaɗai ke riƙe da shi. In ya fita igiya ta tsinke, ƙarfen ba ya sallama. Akwai wani bakanike a Tibiri da nake gaisawa da shi, haƙoransa na gaba a irin wannan aikin suka tafi.

Abin matse sifirin ba wani injin zamani ba ne: sanduna biyu ne masu zare da ƙugiya, a matsa a hankali, a sassauta a hankali. Da na yi wa mai garejin magana, dariya ya yi: "Malam, mu ma haka muka koya, Allah ke tsarewa." Gaskiya ne, Allah ke tsarewa. Amma shi yana zaune a inuwa yana shan shayi, ɗan wani ne a gaban ƙarfen.

Ban ƙi yaro ya koyi kanikanci ba. Da yawa cikin ɗalibaina gareji ya rufa musu asiri fiye da takarda. Sai dai uban da ya miƙa ɗansa amana ya bayar. In gareji ɗaya ba zai iya sayen kayan ba, me zai hana masu gareji biyar na layi guda su haɗa kuɗi su saya, suna ara wa juna kamar yadda suke aron sifana?

Da yamma na biya gidan su yaron na gaya wa mahaifinsa abin da na gani. Ya ce zai je da kansa ranar Litinin.