Tarihin Babbar Ruga na hannun wasu, lokaci ya yi da Katsina za ta nemo shi

Ƙofar Durbi na ɗauke da sunan Durbawa, gidan sarautar da ya mulki Katsina tun kafin Korau. Sarauta ta sauya hannu, jihadi ya zo, Turawa suka zo suka tafi, amma ba wanda ya goge sunan. Birnin da ya iya riƙe tarihin ɗaruruwan shekaru haka bai kamata ya bar na shekaru 90 da suka wuce ya salwanta ba. Wani ɓangare na wannan tarihi na kusa ya shafi yadda Kiristanci ya shigo ƙasar Katsina, kuma mafi yawan takardunsa ba sa nan.

Wanda ya nuna hanyar nemo su shi ne Farfesa Yusufu Turaki, malamin tauhidin Kirista kuma tsohon babban sakataren ɗarikar ECWA. Ya duƙufa cikin wasiƙu da rahotannin ƙungiyar mishan ta SIM, ya fitar da littafin tarihin shekaru 100 na SIM da ECWA, daga 1893 zuwa 1993. A 1893 ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da nufin shiga Arewa. Gowans da Kent sun rasu a 1894, kuma sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954.

Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya yi cewa ba za a taɓa addini ba. Cutar kuturta ce ta buɗe ƙofar. A 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, SIM ta karɓi kula da sansanin masu cutar na Babbar Ruga, kamar yadda ta karɓi Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta bi wannan sawu a littafinta na 2014, inda ta nuna cewa sarakuna da hukumomin En'e na cikin tsarin tun farko, kuma a irin waɗannan wurare wasu suka koyi karatun boko da aikin jinya, wasu kuma suka karɓi Kiristanci.

Wannan ba zancen malaman jami'a kaɗai ba ne. Kullum a Facebook ana musu kan ko Bahaushe Kirista ɗan gida ne ko baƙo, ko an tilasta wa kakanninsa ne ko zaɓinsu ne. Kowa na magana da zafi, hujja kuwa babu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan ƙasa an sha ganin irin wannan duhu ya ci rayuka.

Sai dai takardun mishan ba su ne gaskiya duka ba. Bature ne ya rubuta su, yana rubuta wa masu ba shi gudummawa a ƙasarsu. Muryar majinyaci da ta malamin da ya ƙi amincewa da ta ma'aikacin En'e ba su cika fitowa ba. Dole a haɗa su da fayilolin ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da kuma bakin dattawan da suka taso a Babbar Ruga, waɗanda kullum raguwa suke yi.

Aikin a bayyane yake. Sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina su nemi kwafin takardun da suka shafi Katsina daga ma'ajiyar SIM da ke Amurka. Shugabannin ECWA su buɗe tsofaffin rajistocinsu ga masu bincike, Musulmi da Kirista. A tura ɗalibai su naɗi hirar dattawa, tare da kare sirrin waɗanda suka yi jinya da iyalansu. Takarda za ta iya jira a Amurka shekara 50 nan gaba. Dattijon da ya ga abin da idonsa ba zai jira ba.