Ciwon sanyi a Tasawa da Mayahi: magani na kusa, awo na nesa

A ƙasar Hausa, in fitsari ya yi zafi ko ruwa ya fito daga gaba, sai a ce sanyi ne. Alhali cututtuka dabam-dabam ne ke kawo haka. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda likitoci ke kira gonore, ana ɗaukarta wajen saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an kamu da ita sau miliyan 82 a duniya.

Ana gano ta ta hanya uku. Ta farko, a duba mugunya da madubin likita. Wannan na da araha, kuma yana nuna cutar ga namiji, amma sau da yawa ba ya nuna ta ga mace. Ta biyu, a raini ƙwayar cutar a ɗakin awo don a san maganin da ke kashe ta. Sai dai ƙwayar kan mutu a hanya in tafiya ta yi nisa. Ta uku, na'urar GeneXpert, irin wadda ake awon tarin fuka da ita. Tana ba da amsa cikin minti 90, amma tana buƙatar lantarki da kayan aiki masu tsada.

Saboda haka, a ƙananan asibitocin karkara na Tasawa da Mayahi, ma'aikacin lafiya kan dubi alamu ya ba da magani. Ga namiji, wannan na aiki. Mace kuwa takan ɗauki cutar ba ta ji komai ba, har ta toshe mata hanyar haihuwa, ko ta shiga idon jariri ta makantar da shi. Daga baya a ɗora mata laifin rashin haihuwa.

Wata matsalar ita ce ƙwayoyin da ake saye a tire ranar kasuwa. Cutar ta daina jin penisilin da siprofloksasin a ƙasashe da yawa. Allurar seftriyakson ce abin dogaro a yau.

Kafin awo mai sauƙi ya iso ƙauye, kariyar mace tana hannun mijinta. Magidancin da ya ga alama, ko da bayan dawowa daga cin rani ne, ya tafi asibiti tare da matansa duka. A yi magani tare, a dakata da saduwa kwana 7.