Raƙumi Yakan Durƙusa Don Kaya, Motarka Don Me?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka kama aikin gwamnati kwanan nan, akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun hutun da ya wuce, kuma ban ga inda ya dace in fitar da ita ba sai a wannan mujalla tamu. Wanda ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na je gida Jibiya hutu, sai wani abokina, wanda bai cika shekara biyu da fara karɓar albashi ba, ya ja ni gefe ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Wata tsohuwar motar Amurka ce tana ta sheƙi. Mai ita ya danna maɓalli, sai ta yi huci ta sauka sannu a hankali har cikinta ya kusa taɓa kwalta. Abokin nan nawa ya rantse haka zai yi wa Fijo 504 da ya gada wurin mahaifinsa, yana tara kuɗi ne a aiko masa da kayan daga waje. Muna tsaye a bakin titin da ya nufi Magama muna wannan magana, sai ga wata 504 ɗin ta wuce mu, ba kowa ciki sai direba, hancinta a ƙasa ƙugunta a sama kamar rago mai shirin karo. Abokina ya ja tsaki ya ce, "Dubi aikin jahilci." Wannan tsaki shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da abin da ya burge shi. Mota yawanci tana zaune ne a kan sifirin na ƙarfe, shi ke ɗaukar nauyinta, shokozoba kuma ya kashe girgizar. Masu durƙusar da mota sukan cire sifirin ɗin su sa wata jakar roba mai kauri a madadinsa, su ajiye tankin iska da injin hura ta a cikin but, su ja bututu zuwa kowace ƙafa. In an hura jakar mota ta miƙe, in an sace iskar ta kwanta. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1955 kamfanin Citroën na Faransa ya fitar da mota mai hawa da sauka da ƙarfin mai da iskar gas, kamfanin Cadillac na Amurka kuma ya sa jakar iska a wata motarsa a 1957.

Al'adar kwantar da mota kuwa tana da asali da dalili. 'Yan asalin Meziko mazauna birnin Los Angeles su suka raya ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutane ne da aka mayar saniyar ware, suka mai da tafiya a hankali cikin mota mai jan ciki wata hanya ta cewa ga mu nan, muna da namu ado. A 1958 Jihar Kalifoniya ta yi doka ta hana kowane sashe na mota ya sauka ƙasa da bakin ƙarfen taya. Sai kanikawansu suka ɗauko famfunan tsofaffin jiragen sama suka ɗaura wa motocin, in an hango ɗan sanda a ɗaga, in ya wuce a sauke. Ba a janye hanin ba sai a farkon 2024. Watau dai mutanen nan sun dubi titinsu mai santsi, sun dubi dokar da ta matsa musu, suka ƙago amsarsu. Na yaba musu. Amma kai ɗan Katsina da ka kwaso amsar, wace tambaya aka yi maka?

To, mu dawo kan motar da aka yi wa tsaki. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot na Nijeriya ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, aka kuma ci gaba da haɗa ta a can har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barinta. Abin da ya sa iyayenmu suka amince da ita shi ne tsayin cikinta daga ƙasa da juriyar ƙafafunta a kan gargada. Wannan ita ce martabarta, ita kuma abokina yake tara albashi don ya kashe.

Bakaniken Jibiya shi ma ya taɓa ƙafafun, amma ta ɗaya gefen. In akori-kura ce ya ƙara mata ganyen sifirin, in ƙaramar mota ce ya sa mata sifirin na wadda ta fi ta girma, ko ya yi ciko ya ɗaga mazauninsa. Shi ya sa in ba kaya take tafiya ƙugu a sama. In an yi mata lodi kuwa sai ta zauna daidai, ba ta jan ciki a rami, wanda ke tsaye a shinge kuma ba zai gane nauyinta daga nesa ba. Ba zan ɓoye ba, kowa ya san wani kaso na wannan aiki na fasa-ƙwauri ne. Amma wa ya koya wa bakaniken? Manufofin gwamnati ne malamansa. An rufe iyakokin ƙasa a 1984 har 1986. An hana shigo da shinkafa ta ƙasa a 2016, aka hana motoci daga farkon 2017. An sake rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka kuma garƙame ta har Maris na 2024. Shekara da shekaru kuma, kafin a cire tallafi a Mayun 2023, fetur ya fi araha a nan nesa ba kusa ba bisa ga Ɗan Isa da Maraɗi. Duk ranar da aka toshe kwalta, Katsinawan Jibiya da Katsinawan Maraɗi, waɗanda kakansu ɗaya, sai su koma hanyar daji, hanyar daji kuwa mota mai tsayi take so. Mutumin da bai taɓa shiga ajin injiniya ba ya dubi hanyarsa da kayansa ya daidaita ƙarfe da su. In wannan jahilci ne, me za mu kira wanda zai kwantar da mota a garin da damina ɗaya ke mai da titi kwazazzabo?

Kada wani ya ce na zo wanke bakanike ne. Aikinsa rabin ilimi ne, rabin ilimi kuwa yana kisa. Ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Fijo 504 nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Buhu 20 na shinkafa mai kilo 50 tan guda ne cif. Ka kusa ninka nauyin motar ke nan, alhali birkin da zai tsayar da ita shi ne dai wanda aka auna don mutum biyar da akwatunansu. In nauyi ya ninku, zafin da birki zai sha ya ninku, in gudu ya ninku kuwa zafin ya ninka huɗu. Sifirin ya ɓoye nauyin daga idon ɗan kwastan, amma bai ɓoye shi daga taya da birki ba. Ga shi an ɗaga kayan sama, ƙaramar kwana sai ta kifar da motar. In jarkokin fetur ne a ciki, ko an yi wa tanki walda an faɗaɗa shi, tartsatsi ɗaya ya isa. Wanda ke mutuwa a wannan hanya ba alhajin da ke da kayan ba ne. Yaro ne sa'anmu da aka ba sitiyari, da mai tallar fura a bakin titi.

Ga inda laifinmu yake. Wannan lissafi da na yi, ɗan aji ɗaya a sashen injiniya ya san shi. Bakaniken yana da hannu ba shi da lissafin, mu muna da lissafin ba mu da hannu, tsakaninmu kuma sai tsaki. Muna rubuta kundin kammala digiri a kan injunan da ba mu taɓa gani ba, a ɗaure shi da baƙar fata a ajiye wa gara, ga gareji a bayan makaranta cike da tambayoyin da ba mai amsawa. A shekarun 1970 ƙasar nan ta kafa wuraren haɗa motoci a Kaduna da Legas da Kano da Bauci da Ibadan da Inugu, da burin wata rana mu ƙera tamu. Jikokin wannan buri su ne yau ke tara albashi don sayen jakar roba daga waje su yi hoto.

Na san abin da za a ce: motata ce, kuɗina ne, ado kuma ba haramun ba ne. Gaskiya ne, ban kuwa ce a kama kowa ba. Jakar iskar ma ba ta da laifi. Manyan motocin safa da tireloli da yawa a kanta suke tafiya, domin tana ƙara ƙarfi in kaya sun ƙaru, ta yi laushi in sun ragu. Watau ainihin matsalar da bakaniken Jibiya yake kokawa da ita da ganyen ƙarfe, wannan jaka ce maganinta. Ku yi tunanin motar asibiti da za ta miƙe ta haye yashi ta shiga ƙauye, ta durƙusa a ɗora mai naƙuda, ta kawo ta Katsina ba tare da gargada ta ƙarasa ta ba. Raƙuman fatake da suka bi wannan hanya kafin a san mota sukan durƙusa ne don a ɗora musu kaya. Taka motar, in ta durƙusa, me za ta ɗauka?

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta nemi sashen injiniya ya tura masu aikin kammalawa garejin garuruwan kan iyaka, su auna sifirin da birki da taya, su rubuta abin da suka samu da Hausa yadda bakanike zai karanta. Ku kuma yayyenmu da ke ofisoshi, in takardar rufe iyaka ta biyo ta teburinku, ku tuna kowace doka tana da motar da take haifarwa a daji.

Shi kuwa abokina, na gaya masa a gabansa, ina kuma maimaitawa a nan: motar mahaifinka ta kai ka makaranta da cikinta a sama. Ka gyara mata birki, ka saya mata taya, ka bar ta a tsaye. Kayan aro ba ya rufe katara. Allah Ya sa mu gane.