Zauren Iyali: Ƙaura zuwa bakin tabki da kuɗin motar da ba a yanke ba



Duk shekara, da zarar damina ta fara ja da baya kuma komawar lakwal ta matso, sai a ga motocin kaya suna ratsa unguwanni, an ɗaure katifu a sama, turmi da taɓarya suna leƙe ta baya. Lokaci ne na canjin wurin aiki ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, kuma lokaci ne da magidanci ke gane cewa kayan da ya tara cikin shekaru goma ba za su bi shi da ƙafarsu ba. A wannan fitowa za mu tsaya a kan hanya guda ɗaya, wadda ta tashi daga Maraɗi zuwa Madarunfa, domin mun taɓa bin ta da kayanmu da iyalinmu, kuma abin da ya same mu yana iya samun duk wanda aka tura ƙaramin gari.

Ga wanda bai san wurin ba, Madarunfa tana kudu da Maraɗi da kilomita 20 da ɗoriya, a bakin tabkin da ya sa sunanta ya yi nisa. Ruwan Gulbin Gabi da na Gulbin Maraɗi ne ke ciyar da shi, masunta suna rayuwa da kifinsa, tsuntsaye suna sauka a gefensa, kuma a shekarar 2019 aka sanya shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Mutanen Maraɗi kan je shan iska a ranakun hutu, wasu kuma su je ziyarar kaburburan da jama'a ke cewa na waliyyai 99 ne. Mai zuwa shan iska yana ganin ruwa da inuwa, ya sayi kifi, ya juya gida kafin magariba. Mai zuwa zama da gado da kwanoni da buhunan gero, wani garin dabam yake gani.

Shekarar da aka tura mu can, mun je tasha, wani ɗan kamasho ya haɗa mu da direban wata motar kaya. Da muka tambaye shi nawa za mu biya, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, tsakaninmu? Madarunfa ai bayan gida ce. In Allah ya kai mu lafiya, sai ka ba da abin da ya sawwaƙa." Maganar ta yi mana daɗi, muka ɗauka mun gamu da mutumin kirki, muka kuma ji nauyin matsa masa. A ranmu mun riga mun yanke wani kuɗi, shi ma a ransa ya yanke nasa, amma babu wanda ya faɗa wa ɗan uwansa.

Ya zo da hantsi kamar yadda aka yi da shi, ya tarar mata ba su gama ƙunshe kwanoni ba, bai tashi daga ƙofar gidanmu ba sai bayan azahar. Da muka isa, gidan da muka kama yana cikin wani lungu ta wajen tabki, ruwan da aka yi kwana biyu baya ya bar taɓo, motar ta tsaya nesa da ƙofa. Nan ne direban ya faɗi kuɗinsa, ya kusa ninka abin da ke ranmu sau uku, ya kuma ce ba zai kwance igiya ba sai an biya shi. Maiɗaki da yara suka zauna a gindin wata bishiya, sababbin maƙwabta suna kallo, rana tana faɗuwa. Limamin unguwar ne ya shiga tsakani, aka rage kaɗan, muka ranci cikon a hannun wani abokin aiki da ba mu ko gama gaisawa da shi ba. Ranarmu ta farko ke nan a garin da za mu koyar da ƴaƴan mutane.

Mun daɗe muna jin haushin direban nan. Sai daga baya, da muka zauna da masu motoci a garin, muka gane cewa rabin laifin namu ne. Abin da magidanci ke aunawa shi ne nisan hanya, alhali nisan hanya shi ne ƙaramin abu a lissafin mai mota. Motar da ta kai kaya babban birni tana da tabbacin samun lodin dawowa, amma wadda ta shiga ƙaramin gari sau da yawa wayam take komawa, don haka zuwa da dawowa duka a wuyan mai ƙaura suke. Ga yinin da ya salwanta a ƙofar gida ana jiran a gama ɗaure ƙullin tsumma. Ga karen mota da zai ci abinci, ga mai motar da ke jiran nasa kason da dare, ga la'adar ɗan kamasho wadda ba a faɗa mana ba amma an cire ta daga hannun direba, ga kuɗin hanya a shingen fita gari.

Sai kuma mai, wanda kowane direba ke fara kuka da shi. A nan ya kamata magidanci ya san ƴan alƙaluma, don kada a yi masa kukan da ya wuce ciwo. A watan Agusta na 2022 litar gazuwal a Nijar ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, sannan a watan Yuli na 2024 aka mayar da ita 618, fetur kuma ya sauko daga 540 zuwa 499. Yankin Maraɗi ya daɗe yana shan man Najeriya mai araha da ake sayarwa a kwalabe, amma tun da aka janye tallafin mai a can a watan Mayu na 2023 wannan arahar ta kau, kuma a watan Maris na 2025 an sha layi a gidajen mai. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, motar ta sha lita 10 zuwa da dawowa a farashin 2024: sefa 6,180 ke nan, wato jika shida da ƴan kai. Wanda ya san haka zai gane cewa mai ba shi ne dukan kuɗin ba, zai kuma gane cewa direban da aka ba jika bakwai bai samu ko na goro ba.

Tun da mun ambaci jika, bari mu yi wata ƴar ratse. Mu a nan da dala muke ƙirga, takarda kuwa da sefa ake rubuta ta. In ɗan dako ya ce ɗari biyar, dala yake nufi, sefa 2,500 ke nan, amma baƙon da ya saba da lissafin Faransanci zai miƙa masa sefa 500 yana ganin ya cika alkawari. A garuruwan da ke kusa da iyaka kuma naira tana yawo tare da sefa, ta yadda "goma" tana iya zama jika goma ko naira dubu goma, kuma tsakaninsu akwai tazara. Mun ga faɗan da ya tashi a kan wannan kaɗai, kowane ɓangare yana rantsuwa, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa.

Lokacin ƙaurar ma yana da nasa farashi. Watannin Satumba da Oktoba su ne na girbin gero, amalanken shanu da na jaki duk suna gona suna kwaso dammuna, mai amalanke ba zai bar aikin da ke gabansa ya zo kwasar kujeru a kuɗin rani ba. Amalanken nan kuwa a garin bakin ruwa ba abin raini ba ne, domin shi ne ke ƙarasa ɗan guntun da mota ba ta iya shiga saboda taɓo ko rairayi. A 2024, da ambaliya ta yi ɓarna har aka ɗage komawar lakwal zuwa 28 ga Oktoba, duk wanda ya yi ƙaura a wannan yanki ya san abin da muke faɗa. Shawararmu ita ce magidanci ya je ya ga ƙofar gidan da idonsa kafin ranar, ya faɗa wa direba gaskiyar hanyar. Wanda zai bar garin kuma yana da sauƙi guda: ya nemi motar da ta kawo siminti ko kayan shago za ta koma wayam, wannan direban ko rabin kuɗi riba ce a gare shi. Kuma a tashi da wuri, domin tun wajen 2019 ƴan bindiga sun addabi wasu ƙauyukan iyaka na wannan yanki, babu mai son dare ya riske shi da iyali a kan hanya.

Abin da ya fi ba mu kunya da muka koma ga littattafai shi ne, malamanmu na Malikiyya sun gama wannan magana tun da daɗewa. A babin ijara, sharaɗi ne a san aikin kuma a san ladan kafin a fara, kuma "abin da ya sawwaƙa" ba lada ba ne sananne. In aka yi aiki a kan irin wannan duhu, abin da ake komawa gare shi shi ne ladan da aka saba biyan irin wannan aiki a wurin, ba abin da ke ran mai kaya ba, ba kuma abin da ke ran direba ba. Da haka limamin unguwarmu ya raba mu, ko da yake a ranar ba mu san sunan abin da ya yi ba. Ashe kunyar da ta hana mu yanke kuɗi a tasha ba ladabi ba ce, ƙofar husuma muka bari a buɗe.

Akwai kuma batun wanda zai biya in kaya sun lalace. Asali mai ɗaukar kaya amintacce ne, ba a ɗora masa biyan abin da ya fashe sai in ya yi sakaci, kamar ya ɗaure da ruɓaɓɓiyar igiya ko ya yi gudun ganganci a hanya mai ramuka. Amma malaman mazhabar sun ware abinci, suka ce mai ɗaukar hatsi da makamantansa yana lamunin abin da ya ɓace, saboda hannu yana saurin kai wa abinci, sai fa in mai kayan yana tare da shi ko akwai shaidu. Ke nan a ƙirga buhunan gero da na wake a gaban direba, kuma wani daga cikin gida ya hau motar. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a Ƙairawan a shekarar 996, ta kawo hukuncin mai jirgin ruwa, cewa ba shi da kuɗin haya sai ya isar da kaya inda aka yi da shi. Ba mu ce mota jirgi ce ba, wannan aikin malamai ne, amma babu abin da ya hana a yi sharaɗi tun farko cewa rabin kuɗi na sayen mai ne, rabi kuma sai kaya sun sauka a ƙofar gida.

Ƴan uwa magidanta, akwai wata magana da ta shafe mu mu kaɗai. Galibin abin da ke cikin motar nan ba namu ba ne. Gado da kwabar kwanoni da keken ɗinki da firigo kayan ɗakin maiɗaki ne, iyayenta suka yi mata, ko ita ta saya da kuɗin adashinta. Ranar ƙaurarmu madubin kwabar ya tsage, karen mota ya ba da haƙuri, muka ce masa ba komai, ya wuce. Da dare maiɗaki ta ce, "Malam, ka yafe abin da ba naka ba." Ba mu sami amsa ba, kuma sai da muka sayo wani madubin. Mai kaya ita ce ke da ikon yafewa ko neman biya, ita ce kuma ya kamata ta nuna abin da ke fashewa kafin a ɗora buhu a kansa.

Ƴan dako su ma a yi jinga da su dabam, ta lodi dabam ta saukewa dabam, a kuma faɗa musu gaskiyar yawan kayan. Kada a ce "ƴan tarkace ne kawai" sannan a fito da buhu 12 da awaki biyu daga bayan ɗaki. A biya su a tsaye, kafin su wanke hannu, hadisin da Ibn Majah ya ruwaito game da gumin ma'aikaci sananne ne ga ƙaramin yaro ma. Sai dai a ƙaramin gari akwai inda ake tuntuɓe: samarin unguwa kan fito su kama wa baƙo sauke kaya don maƙwabtaka, kuma miƙa musu kuɗi kamar ƴan dako yana iya zama cin fuska. A tambayi mai gidan da aka kama haya, shi ya san wanda ya zo aiki da wanda ya zo zumunci. Na biyun, fura da goro da godiya a masallaci sun fi masa jika.

Da muka tashi barin Madarunfa, mun yage takarda daga littafin ɗan lakwal, muka rubuta sunan unguwar da za a ɗauka da wadda za a sauke, da lokacin tashi, da yawan buhuna, da kuɗin a sefa da alƙaluma sannan a jika da haruffa, da wanda zai biya ɗan kamasho da amalanke in mota ta kasa ƙarasawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba mu ji nauyin kiran maƙwabta biyu su tsaya ba. Direban bai iya boko ba, aka karanta masa, ya ce a ƙara cewa in aka tsayar da shi ya wuce ƙarfe 9 na safe za a ƙara masa jika biyu. Muka ƙara, kuma tun kafin ƙarfe 8 maiɗaki ta gama ƙunshe kwanoninta.