The Corrs ba su ci amanar kowa ba

Jiya bayan la'asar muka kaure da musu ni da wani abokin aikina, har masinja ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu yana jiran mu tashi. Kuma wallahi ba a kan albashi ba ne, a kan The Corrs ne. Na san wani zai ce ana fama da tsadar shinkafa, shi kuma wannan yana maganar mawaƙan ƙasar Ailan. Ku yi haƙuri, yau dai ita ce a raina.

Ga waɗanda ba su san su ba, 'yan gida ɗaya ne su huɗu daga garin Dundalk: Jim babban yaya, sai ƙannensa mata Sharon da Caroline da Andrea. Sharon ke jan goge irin na Turawa, Andrea ke waƙa tana busa 'yar sarewar ƙarfe, Caroline kuma ganguna da wani abin kiɗan gargajiyarsu, bodhrán, wanda in ka gan shi sai ka rantse bandiri ne. Mu da muka yi jami'a wajajen ƙarshen shekarun 1990 mun sha jin su a FM da kaset.

Ƙorafin abokina shi ne wanda tsofaffin masoyansu da yawa suke yi tun shekarar 2000, lokacin da faifansu In Blue ya fito: wai sun ga kuɗi sun yar da gado. Suka ɗauko Mutt Lange, mijin Shania Twain a wancan lokaci, suka yi "Breathless" tare da shi, aka je hamadar Amurka aka ɗauki bidiyo, waƙa ta hau lamba ɗaya a Birtaniya. Ya ce in ka rufe ido ka saurare ta, babu abin da zai nuna maka daga Ailan ta fito.

Nan kam ban musa masa ba. Faifansu na farko, Forgiven, Not Forgotten na 1995, cike yake da kiɗa zalla tsakanin waƙoƙi. "Toss the Feathers" in ta tashi, goge da sarewa suna tsere, ko a zaune kake sai ƙafarka ta motsa. A In Blue kuwa an tura gogen Sharon baya sosai, a wasu waƙoƙin sai ka kasa kunne kafin ka ji shi. Wanda ya so su saboda wannan sautin yana da hakkin ya ji an rage masa wani abu. Ni kaina na ji hakan.

Inda muka raba hanya shi ne kalmar cin amana. Wa ya shirya musu wancan faifan na farko da ake ta kuka a kansa? David Foster ne fa, mutumin da ya yi aiki da Whitney Houston da Celine Dion. Ba wani dattijon makaɗin ƙauye ba. Tun ranar farko kiɗan pop yana cikin tukunyar, gargajiyar ce dai ta fi ƙamshi. Kuma in ma gado ake magana, iyayensu, Gerry da Jean, suna da ƙungiyar kiɗansu da ke rera waƙoƙin ABBA da Eagles a wuraren shaƙatawa na yankinsu. Yaran da suka tashi a wannan gida, pop ɗin ma ai gadon gida ne. Waye zai zaɓar musu rabin gadon da za su riƙe?

Sannan akwai abin da masu ƙorafi ba sa son a tuna. Faifai na biyu, Talk on Corners na 1997, bai yi wani tashe a Birtaniya da farko ba. Sai da suka sake rera "Dreams" ta Fleetwood Mac, aka kuma sake haɗa kiɗan wasu waƙoƙin ya koma irin na rawa, sannan kasuwa ta buɗe, har ya zama faifan da aka fi saye a Birtaniya a 1998. Fisabilillahi, ba don wannan ba, ta ina irinmu da ke nan za mu ji labarinsu? Ni ta ƙofar pop na shiga, daga baya na koma na nemo na farkon. Abokin nawa ma da na matsa masa, ya yarda haka ya yi. Wato ƙofar da ya shigo ta cikinta yake cewa da ma ba a buɗe ta ba.

In Blue ɗin ma ba a yi masa adalci. A cikinsa akwai "Rebel Heart", kiɗa zalla da Sharon ta tsara, wanda har ya shiga takarar Grammy. Mahaifiyarsu kuma ta rasu a 1999 ana tsaka da aikin faifan, "No More Cry" a kan wannan rashin aka yi ta. Mutanen da ke cikin makoki suka zaɓi kiɗa mai ɗaga rai, kai kuma daga nesa ka yanke hukunci cewa kwaɗayi ne kawai. Ba na cewa babu lissafin kasuwa a ciki, akwai, sana'arsu ce. Amma ban yarda shi kaɗai ne ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin da ya biyo baya. A 2005 suka fitar da Home, mafi yawansa waƙoƙin gargajiya da suka ɗebo daga littafin waƙoƙin marigayiyar, har da guda biyu a harshen Ailan na asali. Abin da aka shekara biyar ana roƙo ke nan. Shin ya yi kasuwar da In Blue ya yi? Ko kusa. To ina masu kukan suka shiga? Mu ma nan mun san irin wannan hali: mutum ya yini yana cewa fiyano ya kashe kalangu da kukuma, ranar bikin 'yarsa kuwa DJ zai ɗauko.

Ina zargin da yawa daga cikinmu ba gogen muke kewa ba, shekarun da muka fara jin sa muke kewa, lokacin babu kuɗin makarantar yara a wuyanmu. Wannan kuwa ko Sharon ta kwana tana jan goge ba za ta dawo mana da shi ba.

Kafin mu fita na tambaye shi ko ya taɓa sauraron Home daga farko har ƙarshe. Ya yi shiru, ya ce ya dai ji waƙa ɗaya ko biyu. Na ce ya je ya saurara, mu haɗu ranar Litinin. Masinja ya ce don Allah in za mu ci gaba mu bari sai lokacin aiki.